Kunne a Cikin Waya

Alhamis, 4 ga Muharram 1374, bayan la'asar

'Yan matan da nake koya wa karatu sun tashi. Inna, surukata, tana barci, Asiya na ƙofar gida tana wasa. Bari in rubuta, ko zuciyata ta yi sauƙi.

An kama Tijjani, mijin Shatu maƙwabciyarmu. Tun da suka ƙetaro daga Sudan ba shi da ikama, wato takardar izinin zama, kowa a Tandabawi, unguwarmu ta nan kusa da Harami, ya sani, ba wanda ya taɓa ɗaga murya a kai. Bana ya yi aikin dafa abinci a Arfa. Da aka gama Hajji aka fara kwasar marasa takarda, sai ya ce zai ɓuya a unguwar Zahir, gidan wani ɗan garinsu, har abin ya lafa. Ko Shatu bai gaya wa gidan ba. Yayansa na Jidda kaɗai ya gaya wa, ta wayar da ke dukkan ɗin Alhaji Garba, wato kantinsa. Washegari motar hukuma ta tsaya daidai ƙofar gidan, ba su ko tambayi hanya ba.

Ba shi ne na farko ba. Duk waɗanda aka ɗauka tun bayan azumi sun taɓa wayar nan, ita kaɗai ce a unguwa. Mutane sun fara magana ƙasa-ƙasa: wa ke zaune kusa da ita kullum in ba mai dukkan ba?

Da na ba mijina, Abu Asiya, labarin, sai ya tsame hannu daga abinci ya tashi.

Asabar, 6 ga Muharram, hantsi

Da can in ya dawo daga santaral, inda yake haɗa wa mutane waya, gidan nan cika yake da dariya. Ya riƙa kwaikwayon tsofaffin da ke ihu a waya kamar suna son Jidda ta ji su da kunnenta. A watan azumi aka mayar da shi wani ɗaki na sama, aka ce ci gaba ne, har Inna ta yi sadakar waina. Tun daga nan labari ya ƙare. In na tambaye shi aiki, sai ya ce, "Alhamdulillahi, Ramla."

Na yi ɓatan wata, karo na biyu ke nan. Ban gaya masa ba. Na ce sai ranar da ya saki fuska.

Litinin, 8 ga Muharram, azahar

Bai ci ba yau ma.

Laraba, 10 ga Muharram, bayan magariba

Ranar Ashura, muna azumi, aka wayi gari an watsa wa Alhaji Garba ƙazanta a ƙofar dukkan. Ba mai sayen ko ashana a wurinsa. Matarsa ta yi sallama wajen ɗiban ruwa, mata suka juya mata baya. Wannan fa shi ne mutumin da ya wanke mahaifin Abu Asiya, ya sa shi a likkafani da hannunsa.

Da la'asar ya zo gidanmu. Ina bayan labule ina ji. Ya ƙi zama.

Ya ce, "Mukhtaru, ya waladi, ɗana, kai ka san waya. Zo ka gaya musu ko ni ina jin abin da ake faɗa a cikinta. Wallahi in mutum ya ɗauka, waje nake fita in ba shi wuri. Na tsufa a garin nan ban taɓa sayar da Musulmi ba."

Can na ji Abu Asiya ya ce, "Allah zai bayyana gaskiya, Baba."

Alhaji ya ce, "Zai bayyana. Amma ta bakin bayinsa yake bayyana ta."

Ya fita bai sha ruwa da mu ba.

Juma'a, 12 ga Muharram, da safe

Abu Asiya ya gaya mini.

Ina hura wuta bayan asuba ya zo ya tsuguna kusa da murhu, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ɗakin saman nan ba haɗa waya ake yi a cikinsa ba, saurare ake yi. Su uku ne, kowa da abin sawa a kunne: ɗaya don yaren Jawa, ɗaya don na Hindu, shi kuma don Hausa. In aka ji magana da yarenmu sai a karkato masa ita, ya juya ta zuwa Larabci, shugabansu da suke ce wa mudir ya karɓa. Da farko an ce masa masu damfarar alhazai ake nema, ya yarda, har ya ji daɗi. Daga baya aka ce komai ake so.

Ya ce, "Ramla, na san wadda mijinta ya saka ba ta gaya wa uwarta ba. Na san mai ciwon da yake ɓoyewa. Ina haɗuwa da su a masallaci, su ba ni hannu."

Na ce, "Tijjani fa?"

Ya sunkuyar da kai. Wutar ta mutu, ban sake hura ta ba.

Na ce ya bar aikin. Na ce ya ce musu yana da ciwon kunne, ko Inna ba ta da lafiya, ko duk abin da ya ga dama, mu koma sayar da ful, dafaffen wake, da gyaɗa a bakin hanya, ba abin kunya ba ne. Ya ce in ya bari gobe za su samo wani Bahaushen su ɗora a kujerar, mutane za su ci gaba da magana, Alhaji Garba kuma zai mutu da sunan da aka ba shi.

Na ce, "To mu fa?"

Ya dube ni. A nan ne ya kamata in gaya masa zancen cikin. Bakina ya ƙi.

Litinin, 15 ga Muharram, bayan la'asar

Ya gaya wa Inna. Na yi zaton za ta tsaya a bayana, uwa ce, shi kaɗai ya rage mata. Ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ce, "Ubanka da ƙafa ya tako daga Kano, ya binne yayyenka biyu a hanya, don ya mutu kusa da Ɗakin Allah. Bai tako don ɗansa ya zama kunnen wani ba. Allah ya hana bin asirin mutane, kai ka fi ni sani. Je ka wanke dattijon nan."

Na tashi na shiga ɗaki. Ban taɓa tashi tana magana ba sai yau.

Laraba, 17 ga Muharram, azahar

Ya gyara ƙyauren da ya karye tun bara. Ya cika mana tulu biyu, ya sayo gawayi mai yawa. Ba na son in ga yana gyare-gyaren nan.

Juma'a, 19 ga Muharram, bayan la'asar

Ya yi.

Bayan an sauko daga Harami, maza suna zaune a mirkaz, bencinan da ke fuskantar dukkan, inda suka saba shan shayi, sai ya miƙe tsaye. Ni da Inna muna jikin katangar langa-langa, muryarsa na zuwa mana sarai. Da Hausa ya fara, ya maimaita da Larabci don samarin da Hausarsu ta yi rauni.

Ya ce, "Ya jama'a, Alhaji Garba bai taɓa kai kowa ba. Wayar ce take da kunne, kunnen kuma ni ne. Tun azumi duk abin da kuka faɗa a cikinta da Hausa ni nake ji, ni nake juyawa. Na zalunce ku. Kada wanda ya sake faɗar abin da yake tsoro a cikinta, ko a nan ko a wani wuri. Ku gaya wa 'yan'uwanku na Jidda da Madina."

Ina jin ƙarar kofin shayi da wani ya ajiye. Sai wani ya yi tsaki, wani ya ce, "Allah ya isa." Sai na ji kuka, kukan tsoho, na san na Alhaji Garba ne.

Da Abu Asiya ya shigo gida akwai yawu a kafaɗar rigarsa. Na karɓa na wanke, ban tambayi na wa ba.

Juma'ar dai, bayan magariba

Shatu ta shigo ba sallama. Ta tsaya a tsakar gida, goyonta a baya.

Ta ce, "Ummu Asiya, kin sani?"

Na ce tun Juma'ar da ta wuce.

Ta ce, "Ranar Lahadi a ɗakinki na zauna ina zagin Alhaji Garba, kina ba ni ruwa."

Na ce haka ne.

Ya fito daga ɗaki zai yi magana, ta ɗaga masa hannu. "Kai kada ka ce komai. Ka ji isasshe, ka faɗi isasshe." Ta juya ta fita.

Asabar, 20 ga Muharram, hantsi

Na roƙe shi kada ya je aiki. Ya ce in bai je ba nan za su zo, gaban Inna da Asiya. Ya sa farar rigarsa, ya durƙusa gaban Inna ta dafa kansa. Ya ɗaga Asiya ya shinshina wuyanta har ta yi dariya. Ni ya ce mini, "Ki ajiye mini abinci."

Asabar, magariba

Na ajiye.

Lahadi, 21 ga Muharram, azahar

Bai dawo ba.

Litinin, 22 ga Muharram, bayan la'asar

Mun je wurin umda, wato mai unguwa, ni da Inna. Ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka kawo shayi, amma idonsa na kan ƙofa. Ya ce shi ba a sanar da shi komai ba. Ya ce yaron ya yi ganganci, amanar aiki ya tona.

Ya ce, "Ya Hajja, waya ta hukuma ce. Abin da ya bi ta cikinta na hukuma ne."

Inna ta ce, "Hanyar da na biyo zuwa nan ma ta hukuma ce. Sai a cire mini mayafi a kanta?"

Ya ce, "Astagfirullah."

Ta ce, "To maganar mutum da ɗan'uwansa mayafinsa ce."

Ya sunkuyar da kai ya ce zai tambaya. Na san ba zai tambaya ba, shi ma yana da 'ya'ya.

Laraba, 24 ga Muharram, hantsi

Mutanen hukuma sun zo. Ba zan rubuta su nawa ba ko me suka ce. Sun tafi da akwatinsa, da takardar haihuwarsa da takardun mahaifinsa. Sun zazzage buhun shinkafa a ƙasa. Littafin nan yana cikin allunan yara, ba su duba ba.

Asiya ta taya ni tsince shinkafar. Ta tambaya ko baƙin Abba ne.

Juma'a, 26 ga Muharram, bayan azahar

Cikin 'yan matan karatu biyu ne kawai suke zuwa yanzu. Wasu iyayen haushi suke ji, wasu tsoro, ni ban san wanne ya fi yawa ba. Mai ruwa ya daina tsayawa a ƙofarmu. Alhaji Garba ne yake sa a kawo mana, da burodi da ɗan nama. Mutane sun koma sayayya a wurinsa, wasu har sun nemi gafara. Wayar kuwa an ce ya lulluɓe ta da tsumma, ba mai taɓa ta. Tun ranar Juma'ar can ba a sake ɗaukar kowa a unguwar nan ba, sai mutum ɗaya, nawa.

Ni da Inna muna gaisawa, muna cin abinci a kwano ɗaya. Iyakarta ke nan.

Lahadi, 28 ga Muharram, magariba

Na je santaral da kaina. Ba su bar ni na wuce ƙofa ba. Mai gadi ya ce babu mai wannan suna a nan. Na ce shekara da shekaru yana shiga ta ƙofar nan, kai ma ka sha cin wainar gidanmu. Ya kau da kai ya ce, "Ruhi ya hurma, tafi gida, Allah yirda alaiki." Na tsallaka hanya na tsaya ina kallon tagogin sama tun hantsi har la'asar, ko wani abokin aikinsa zai fito. Sun fito. Wanda ya zo sunan Asiya, da ya hango ni sai ya canza hanya.

Rana ta yi zafi ƙwarai. Bayana yana ciwo.

Juma'a, 3 ga Safar, hantsi

Sai yau na iya riƙe alƙalami.

Abin da nake ɗauke da shi ya tafi, ranar Talata da azahar. Ina wanki na ji abin ya zo. Inna ba ta iya ɗaga ni ba, ta fita ƙofa tana kiran mata, gidan da ya fi kusa kuwa na Shatu ne. Ita ta zo. Ita ta yi komai, ta dafa ruwan zafi, ta wanke zannuwa, ta tafi da Asiya gidanta ta kwana biyu.

Da na dawo hayyacina tana zaune a bakin gado tana ba ni kunu. Na fara yi mata godiya, ta ce, "Sha. Ban yafe masa ba, kada ki yi zaton na yafe. Amma ke ba ki sa komai a kunne ba."

Ta ce, "Ya sani?"

Na girgiza kai.

Lahadi, 5 ga Safar, bayan asuba

Na farka na tarar da Inna zaune a ƙasa kusa da ni, hannunta a kan ƙafata. Ta ce, "Ni na tura shi, Ramlatu. Da na san da wannan…" Ba ta ƙarasa ba.

Na so in ce mata da kin sani ma da haka za ki faɗa, kuma da haka zai yi. Ban ce ba. Na matsa mata ta kwanta a gefena. Jikinta ba nauyi, kamar na yarinya.

Talata, 7 ga Safar, azahar

Babu labari. Wani ya ce Ɗa'ifa, wani ya ce Jidda, wani ya ce abin da ba zan rubuta ba.

Alhamis, 9 ga Safar, la'asar

Asiya ta daina tambaya. Wannan ya fi tambayar ciwo.

Lahadi, 12 ga Safar, bayan la'asar

Alhaji Garba da kansa ya zo da gudu, tsoho da shi, ba ko takalmi. Ya ce, "Ummu Asiya, waya! Daga Jidda!"

Ban taɓa riƙe ta ba a rayuwata. Ya nuna mini inda ake sa kunne, ya fita waje ya ja ƙofa.

Muryar Abu Asiya ce, ta yi ƙanƙanta, kamar daga cikin rijiya.

Ya ce, "Ramla. An ba ni izini in kira."

Yadda ya faɗi izinin nan na gane. Ba don tausayi aka ba shi ba, so ake a ji wa zai ambata, wa zan ambata. Duk maganar da na tara tun ranar da ya fita sai na bar ta a cikina.

Na ce, "Kana lafiya?"

Ya ce lafiya lau. Ya ce gobe za a sa su a jirgin ruwa zuwa Bur Sudan. An ce masa takardunsa ba su inganta ba, shi baƙo ne, ya koma inda ya fito. Ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Na ce musu daga Tandabawi na fito."

Ya tambayi Inna, na ce lafiya. Ya tambayi Asiya, na ce lafiya.

Ya ce, "Ke fa? Muryarki ta canza."

Na ce mura ce.

Akwai wani numfashi a cikin wayar, ba nawa ba, ba nasa ba. Ko kuwa kunnena ne, ban sani ba. Amma shi ya san sautin, don sai na ji ya ce a hankali, "Ɗan'uwana da ke saurare, sannu da aiki. Na san kujerar. Allah ya fitar da kai."

Sannan da sauri ya ce, "Ramla, ki gaya wa maƙwabciyarki na ga mutuminta. Yana raye, ya rame amma yana kan ƙafarsa. Ɗaki ɗaya muke, jirgi ɗaya za mu shiga. Ki ce wa Inna ta ya…"

Aka yanke.

Na daɗe ina riƙe da ita ina cewa na'am, na'am. Alhaji Garba ya shigo ya zare ta daga hannuna.

Lahadin dai, magariba

Na ce wa Inna ya ce ta yafe masa, don na tabbata kalmar ke nan. Ta ce shi ne zai yafe mata. Ta juya fuskarta ga bango.

Daga nan na shiga gidan Shatu. Tana daka, ta tsaya da taɓarya a hannu. Na faɗa mata yadda ya faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba. Ta zauna a kan wani turmi da ke kife, ta rufe fuska da zane, tana kuka. Tun da aka ɗauke shi, sai yau ta san yana numfashi.

Da ta ɗago ta ce, "Ɗaki ɗaya?"

Na ce haka ya ce.

"To Tijjani ya san wanda ya…"

Na ce, "Mutumin da ya faɗa wa unguwa guda ba zai ɓoye masa ba."

Ta dubi ƙasa. Ta ce, "Tijjani yana da ƙanwa a Bur Sudan. Naki bai san kowa ba a can."

Na ce bai san kowa ba. Ko teku bai taɓa hawa ba.

Ta share hancinta da bakin zane. Ta ce, "Yana da zuciya, Tijjani. Zai yi kwana biyu bai kula shi ba. Amma ba zai bar shi ya kwana a bakin ruwa ba, na san halinsa."

Ta miƙo mini ɗaya taɓaryar. Jikina bai gama warwarewa ba, amma na karɓa. Muka gama dakan tare.

Litinin, 13 ga Safar, hantsi

Yanzu suna kan ruwa.